Na ƙi buɗe shago na uku, shin na yi laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina da shaguna biyu na atamfa da shadda, kuma abin da suke kawowa yana riƙe gidana da mahaifiyata. 'Yan'uwana sun matsa in karɓi kaya bashi in buɗe na uku, ni kuwa so nake in riƙa tashi kafin Magariba don in ga yarana. Suna cewa ba ni da zuciyar nema. Shin akwai zunubi a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu zunubi a kanka, Alhaji, matuƙar shagunan biyu suna sauke abin da shari'a ta ɗora maka.

Neman dukiya ba hukunci ɗaya gare shi ba. Wajibi ne gwargwadon abin da mutum zai ciyar da kansa da waɗanda ciyarwarsu ke wuyansa, ya kuma biya bashin da ake binsa. A mazhabar Malikiyya waɗannan su ne matarka ko da tana da dukiya, da 'ya'yanka maza har su balaga suna iya nema, da 'ya'yanka mata har su tare a gidan miji, da iyayenka idan matalauta ne. Abin da ya wuce haka halal ne, yana zama mustahabbi idan an nufi sadaka ko sada zumunci da shi, yana kuma komawa haram idan hanyarsa ta haram ce ko ya sa an tozarta farilla. Shago na uku ba ya cikin wajibi, kuma ba a kama mutum da laifin barin abin da bai wajaba ba.

Ma'aunin da 'yan'uwanka suka ɗauko shi ne kuskuren. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wadata ba yawan kayan duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru cewa wanda ya musulunta, aka azurta shi da abin da zai ishe shi, Allah ya sa ya wadatu da abin da ya ba shi, to ya rabauta. A ruwayar Tirmizi an ƙirga abubuwa uku: aminci a gida, lafiyar jiki, da abincin yini, aka ce mai su kamar an tattara masa duniya ne. Biyu daga cikin ukun ba a sayen su a kasuwa. Lokacin da kake son ba yaranka ma haƙƙi ne: da Salmanul Farisi ya ce wa Abud Darda'i Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Yaron da ya kai shekara 7 an umarce ka ka sa shi sallah, kuma uban da ke fita suna barci ya dawo suna barci ba zai iya wannan ba.

Sai dai ka tabbatar da cewa "yana isa" ɗin nan lissafi ne, domin mutane da yawa zato suke yi. Ka rubuta kashe-kashen wata uku a littafi: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, abin da kake kai wa mahaifiya, da hakkin yaran shago. Ka raba da uku, ka gwada da ribarka ta gaskiya, wato bayan ka cire kuɗin sake saro kayan a farashin yau. Nan ne 'yan kasuwa ke faɗawa rami: a sayar da turmin atamfa a ga riba a kan tsohon farashi, a cinye, sai an je sari a tarar jari ya ragu. Ka kuma ware tanadi. Wannan bai saɓa wa tawakkali ba, don ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yana ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Idan kuɗinka da kimar kayan shago sun kai nisabi, wato kimar kusan giram 85 na zinare, kuma shekara ta zagayo, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100. In lissafi ya nuna giɓi, to hukunci ya canja, ƙarin nema ya wajaba a kanka, kuma kiran ƙin nema da sunan wadatar zuci ba zai karɓu ba. Annabi (SAW) ya ce wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas barin magada cikin wadata ya fi barin su suna roƙon mutane.

Game da bashin kuwa, karɓar kaya a biya daga baya ya halatta idan an yanke farashi da lokacin biya tun farko. Idan aka sharɗanta ƙari saboda jinkiri, kuɗin ruwa ne, haram ne ko shago nawa zai buɗe. Ko halal ɗin ma, ka sani bashi yana cin lokacin da kake ƙoƙarin cetowa.

Akwai hanyar da nake ganin ta fi. Idan cikin yaran shagonka ko 'yan'uwan nan akwai amintacce da ya koyi sana'a, ka ba shi jari ta hanyar ƙiradi: kuɗi naka, aiki nasa, riba a raba bisa kaso sananne kamar rabi da rabi, asara kuma a kan jari take in ba sakaci ya yi ba. Kada a yanke maka wani adadi na kuɗi duk wata, wannan yana ɓata yarjejeniyar. Ku rubuta, ku sa shaidu. Ka yi wa 'yan'uwanka bayani cikin ladabi, musamman idan akwai na gaba da kai a cikinsu, amma ba wajibi ba ne ka bi su a wannan.

Wallahu a'alam.