Tambaya da Amsa: Yaya Ake Auna Juriyar Masu Ƙera Kayan Mota?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da kayan gyaran mota ne a Sabon Garin Zariya, kuma sau da yawa dilolinmu na Legas sukan ce mana kaya sun yanke tun daga kamfani. Shin masu ƙera kayan nan suna da ma'aunin da suke gane ko za su jure irin wannan yankewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Suna da shi, kuma kwanaki ake ƙirgawa a cikinsa. Farfesa David Simchi-Levi na jami'ar MIT da ke Amurka, a aikin da ya yi da kamfanin Ford, ya ɗora shi a kan lissafi biyu. Idan masana'antar da ke kawo wani kaya ta tsaya cak, kwana nawa za ta yi kafin ta farfaɗo? Sannan kwana nawa kamfani zai ci gaba da sallamar masu saye da abin da ke sito, da wanda ke kan hanya, da wanda zai samo a wani wuri? Muddin kwanakin farfaɗowa suka zarce kwanakin jurewa, to nan ɓarakar take.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan lissafi ya nuna cewa sau da yawa haɗarin yana ga ƙaramin kaya mai araha wanda ba a damu da shi ba. A watan Fabrairun 1997 gobara ta cinye masana'antar Aisin a Japan, wadda kusan ita kaɗai ke yi wa Toyota wani ɗan bawul na birki, sai aikin haɗa motoci ya tsaya, har sai da wasu kamfanoni da dama suka yi taron dangi a kan ƙera shi. Girgizar ƙasar Japan ta 2011 kuwa ta fallasa wani abin daban, domin kamfanoni masu yawa da ake zaton kowanne da hanyarsa, ashe duk daga masana'antar Renesas ta Naka suke samun ƙananan na'urorin lantarki. Tun daga nan Toyota ta shiga bin diddigin masu kawo wa masu kawo mata kaya.

A shagonka ma, Alhaji, lissafin yana aiki. Ka duba kwana nawa fulogi da takalmin birki za su kai ka idan mota ta daina tasowa daga kasuwar Ladipo ta Legas ko garin Nnewi, sannan ka bincika ko dilolinka na Legas ɗin nan ba daga kwantenar mutum ɗaya suke sara a Apapa ba.