Amsar Yaya Malam kan tirelar fim ɗin rijiya

Assalamu alaikum 'yan zaure. Auta, na ga saƙonka tun la'asar, muna gona wajen yankan dawa, sai yanzu na samu na ɗan sa waya a caji. Ka turo tirelar fim ɗinku na ban tsoro, ka ce me ya sa duk wanda ka tura wa sai ya maido maka da alamar dariya, alhali kun sha wahala wajen ɗauka. Na ga Kawu ma yana tambaya wace tirela, ta siminti ko ta shanun kasuwar Wudil. Kawu, ranka ya daɗe, tallan fim ake nufi, ɗan guntun da ake nunawa don a ja ra'ayin mutane. Amma ba ka yi nisa ba, kalmar ɗaya ce. A da can bayan an gama fim ake haska shi, yana biye a baya kamar yadda bodi ke bin kan mota, shi ya sa sunan ya bi shi.

To Auta, na kalla sau uku. Kar ka ji haushi fa. Daƙiƙa biyar da farawa, sai ga Dodonku tsaye tsakiyar hoto, rana tsaka, an shafe shi da gawayi, an rufa masa buhun taki. Na farko dai kowa a garin nan ya san tafiyar yaron nan. Na biyu, silifas ɗinsa shuɗi ya fito ɓaro-ɓaro. Dodo da silifas! Amma wallahi ko da kun samo kayan miliyan kun sa masa, matsalar tana nan, don ba a kayan take ba, a jerin labarin take.

Bari in ɗan koma aji, ku yi haƙuri. Lokacin da muke karatu an koya mana wani masani, Todorov, haifaffen Bulgeriya da ya zauna a Faransa, ya rasu a 2017. Shi ba don fim ya yi nazarinsa ba, tsofaffin labarai ya duba, daga baya malaman fim suka ara. Ya ce labari hawa biyar yake yi. Ana zaune lafiya. Wani abu ya zo ya dagula zaman. Mutane su farga cewa an dagula. Su tashi neman gyara. Sannan a samu sabon zama, ko da ba irin na da ba. Ka ɗauki kowace tatsuniya da Inna ta yi mana a tsakar gida, daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", za ka tarar da hawan nan a ciki.

Fim cikakke yana taka duka biyar. Tirela kuwa uku take takawa, ta ɗan ɗora ƙafa a na huɗu, sai ta tsaya cak. Ba ta cewa ƙurunƙus. Ku kuma me kuka yi? Kun tsallake na farko gaba ɗaya, kun fara da Dodo, sannan a ƙarshe kun nuna malam ya zo da carbi da ruwan tofi, Dodo ya faɗi yana birgima, yarinya ta rungumi uwarta. To ni da na ga wannan, me zan je nema a fim ɗin? Kun ba ni tuwo da miya har da ruwan wanke hannu, sannan kuna cewa in zo cin abinci.

Hawan farkon nan da kuka raina, a fim ɗin tsoro shi ne jari. Mutum ba ya jin tsoro sai yana da abin da za a ƙwace masa. A cikin abin da ka nuna min a kwamfuta ran nan, akwai wani wuri da tsohuwar nan take tankaɗe a bakin murhu, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, kaji na shiga akurki, yarinyar ta zo ta ɗauki guga. Tsohuwar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke, magariba ta yi, ba a zuwa rijiya yanzu." Yarinyar ta yi kamar ba ta ji ba, ta fice. Auta, wannan ne farkon tirelarku, kuka bar shi a kwandon shara. Duk wanda ya tashi a ƙauye an taɓa faɗa masa wannan maganar, kuma ya taɓa ƙin ji. Tun kafin a nuna komai gabansa ya fara faɗuwa.

Kuma abin mamaki, wani Baturen Rasha, Propp, ya rubuta wannan tun 1928. Ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu wajen ɗari, ya ga duk a kan matakai 31 suke tafiya. Na biyu a jerin shi ne a yi hani, na uku kuma a karya hanin. Kar ka buɗe ɗakin can, kar ki waiwaya, kar ku bi ta gindin tsamiya. Da na ji wannan a aji dariya na yi, na ce ashe abin da kakata take yi ba tare da allo ba shi ake ba mutane digiri a kai. Shi Propp ya kuma kasa mutanen labari gida bakwai, akwai jarumi, akwai mugu, akwai mai taimako, da sauransu. Malaminku mai carbi shi ne mai taimako. A tirela ku nuna shi, amma ku nuna shi ya leƙa rijiyar ya ja da baya, carbin na rawa a hannunsa. In wanda ake gudu wurinsa shi ma ya tsorata, ina mai kallo zai sa kansa?

Ina zuwa... kai, ku kore akuyar nan daga kan buhun! Yauwa.

Ina muka tsaya? Maganar ɓoye Dodo. Akwai wani Bafaranshe, Barthes, a littafinsa na 1970 ya yi bayanin yadda labari ke ɗaura wa mai karatu tambaya ya ƙi kwance ta da wuri. Mu ai mun san wannan, kacici-kacici ke nan. In na ce maka ƙulun ƙulufit ka kasa, me za ka yi? Sai ka ba ni gari kafin in faɗa maka gauta ce. To tirela kacici-kacici ce, garin da mai kallo zai ba ku shi ne datarsa, ko kuɗin da zai biya a tura masa a waya, ko na shiga gidan kallo. Wa ya taɓa ba da gari bayan an faɗa masa amsa? Mene ne a cikin rijiyar? Me ya sa tsohuwar ba ta ɗago kai ba, ta san wani abu ne? Yarinyar da ta dawo gida, ita ce kuwa? Ku bar mutane da waɗannan su kwana da su.

Kar ku ce rashin kuɗi ne ya sa nake cewa ku ɓoye shi. Fim ɗin nan na Amurka, Jaws, na 1975, na ƙaton kifin da ke cin mutane, kifin inji suka ƙera, ya yi ta lalacewa a ruwan teku. Dole ta sa daraktan ya rage nuna shi, sai kiɗa da motsin ruwa da ƙafafun masu iyo. Abin da ya fi razana mutane ke nan. Dodon da mutum ya ƙera a kansa ya fi na buhun taki muni nesa ba kusa ba, kuma kyauta ne.

Da ni ne ke yankawa, ga yadda zan yi. Tsakar gida da tankaɗe, a bar shi ya ɗan ja, kar a yi gaggawa. Hanin tsohuwa. Yarinya a hanya, gari ya yi ja-ja, kiran salla daga nesa. Lokacin nan ya fi tsakar dare amfani, don ba rana ba ne ba dare ba ne, rijiyar ma ba cikin gari take ba ba daji ba, a bakin iyaka take, kuma a irin wurin nan tsoronmu yake zama. Ta zura guga. Ku cire kiɗan nan da kuka kwafo, ya cika kunne tun daga farko har ƙarshe, ba ya barin mutum ya ji komai. A bar ƙarar igiya tana gogar bakin rijiya kawai. Ta ja, ta ja, sai igiyar ta tsaya. Shiru. Sannan a ja igiyar daga ƙasa. Baƙi. Daga nan sai gajerun hotuna da sauri-sauri, mutane da tocila, uwa na kiran suna, malam na ja da baya. Sunan fim. In an ɗauka an gama, sai ku dawo tsakar gidan nan na farko, tsohuwa na nan zaune, yarinya ta shigo da gugarta ta ajiye, kayanta na ɗigar ruwa, kajin nan duk suka fashe da kuka suka watse. Ku yanke a nan. Minti ɗaya da rabi ya isa.

Abu ɗaya kuma, ku lura da duhu. A ƙaramar waya za a kalla, wani ma a bakin kasuwa da rana. In kun sa ya yi baƙi ƙirin, fuskarsa kawai mutum zai gani a gilashi. Ku gwada a wayar Kawu tukuna, in ya fito a tasa to zai fito a ta kowa.

Cajin ya kusa ƙarewa. Auta, gobe bayan isha'i ka zo da kwamfutar da memorin gaba ɗaya, har wanda kuka ce ya lalace, ina so in ga wurin igiyar nan. Ka taho da fetur ko lita ɗaya ce, janareton babu komai a ciki. Kuma ka ce wa Dodo ya zo, amma ya bar silifas ɗin a gida.