Dardumar Tibet: ta hannu ce ko dai an yi miki wayo?

Tambaya: Anti barka da aiki. Maigidana ya je Dubai sarin kaya ya ga wata darduma ta ulu, mai shago ya ce ta Tibet ce saƙar hannu, kuɗinta ya ninka na kafet ɗin Turkiyya sau da yawa. Ni dai ina so a falona amma tsoro nake kar a cuce mu. Ya ake ganewa?

Toh 'yar uwa, ki ce masa ya kifa ta ya duba bayan. Ta hannu, zanen gaba yana fitowa sarai a baya, kuma layukan ba sa miƙewa sak kamar na inji. In ya ga an manna yadi a bayan da gam, wannan ba kulli ba ne, da wata 'yar na'ura mai kama da bindiga ake cusa zaren, ya ajiye musu kayansu.

Su mutanen Tibet saƙarsu daban take da ta Iran. Sandar ƙarfe suke ɗorawa a gicciye, su riƙa naɗe zaren a kanta suna kullewa, in layi ya cika sai a bi da wuƙa a yanke a zare sandar, haka layi bayan layi har wata da watanni, shi ya sa kuɗin. Ya tambayi yawan kulli, ana yin 60, 80 da 100 a kowane murabba'in inci. Ni dai mai 60 ta fi min a falon da yara ke tsalle, ta fi kauri, mai 100 kuwa don zane mai ƙananan kwalliya ce.

Kuma kar ki firgita in an rubuta Nepal a jiki. Bayan 1959 'yan Tibet da yawa sun yi gudun hijira zuwa can, a Jawalakhel kusa da Kathmandu suka kafa masaƙa, yanzu yawancin na kasuwa daga Nepal suke fitowa. Ulun asali na tumakin kan tudun Tibet ne, mai maiƙo a jiki, amma sau da yawa ana haɗa shi da na New Zealand, wannan ma ya tambaya kafin ciniki. In da tambarin GoodWeave a jiki to madalla, su ne masu bin sawu kar a sa yara ƙanana saƙa.

Tambaya: Tawa wata biyu kenan sai zubar da gashi take, ko jabu ce?

A'a, sabon ulu haka yake, zai daina da kansa. Ki dai riƙa sharewa a hankali, lokacin hunturu a fitar a kakkaɓe ƙura ta baya, kar a jiƙa ta da omo kuma kar a shanya a rana tsaka. Asu ne abin tsoro, yana son duhun ƙarƙashin kujera, ki riƙa ɗaga wajen kina leƙawa.