Amsar maigidan gareji ga mai son sauke injin Hilux karo na farko

Assalamu alaikum ƴan guruf. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce Hilux ce mai inji 3L, bwat ɗin hannu (akwatin giya), kana son sauke injin ka ɗora shi a sipor mai juyawa (ƙarfen da ke riƙe inji lokacin gyara) da ka sayo daga Kano, kuma ba ka taɓa yi ba. To, saurara da kyau.

Fara da sanin abin da za ka ɗaga. 3L gazuwal ne, lita 2.8, bulok ɗinsa da kilas (kan injin) duka zubin ƙarfe, ya haura kilo 200. Kada ka rataya palan (sarƙar ɗaga kaya) a reshen bedi kamar yadda wasu ke yi. Nemi ƙafa uku na tiyo mai kauri ko ka ari guruwa (na'urar ɗaga inji) a garejin maƙwabta. Kuma ƙasarmu ta Damagaram rairayi ce, tayoyin sipor nutsewa suke. In babu siminti, shimfiɗa tol (fallen ƙarfe) ko katako mai faɗi tukuna.

Kwancewar ba wuya, haƙuri take so. Cire kan batir, na negatif farko. Zubar da mai da ruwa, fidda kapo, radiyata da fanka. Kowace waya ka ɗauke ta hoto kafin ka zare, ka manna mata takarda. Bulon ɗin eshapma (bututun hayaƙi) ka jiƙa su da gazuwal tun dare. Pampon direkshon da kwampiresa na kilim (na'urar sanyi), kwance su daga jikin inji ka ɗaure gefe, ba sai ka buɗe tiyonsu ba. Babban bulon na puli ɗin gaba kuwa, sassauta shi tun injin yana cikin mota, a sa giya, wani ya taka birki. In ka manta sai yana kan sipor, zai yi ta juyawa da kai, ka sha wahala.

Tallafi bwat da kirik daga ƙasa kafin ka raba su. Sarƙa ta kama ƙugiyoyi biyun da kamfani ya sa a jikin injin, gaba da baya. Ɗaga kaɗan, tsaya, leƙa. Kusan kullum akwai abin da ya rage, galibi wayar mas (ta negatif, mai haɗa inji da bodi) ko tiyon gazuwal mai komawa tanki. In ka ji ya ƙi, to wani abu ne ya riƙe, kada ka ƙara ƙarfi. Ja shi gaba a miƙe har sandar bwat ta fita daga cikin kuloci, sannan sama. Hannunka kada ya shiga tsakanin inji da bodi, don Allah.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, domin nan ne yara ke jin ciwo. Tun yana rataye, sauke shi kusa da ƙasa, ka cire kuloci da bolan (faifan ƙarfen da kuloci ke ɗaure a kai), in ba haka ba hannayen sipor ba za su zauna ba. Sannan ka zare farantin mai hannayen daga jikin sipor, ka ɗaura shi a bayan injin, a ramukan da bwat ke kamawa. Farantin ake fara ɗaurawa a inji, daga baya a turo sipor a zura. Wanda ya yi akasin haka zai wuni yana neman rami da kilo 200 na lilo a gabansa.

Bulon ɗin bwat ba za su kai ba, gajeru ne. Ɗauki ɗaya ka tafi da shi wajen masu fiyes (kayan gyaran mota) a matsayin samfur, domin zaren Toyota siriri ne, bulon ɗin masu gini ba ya shiga, cinye zaren bulok yake. Duba kansa, a ga lambar ƙarfinsa, 8.8 ko 10.9. Wanda ba lamba, bar shi ko kyauta ne. Ya shiga cikin bulok aƙalla tsawon kaurinsa sau ɗaya da rabi, kuma kada ya yi tsawo har ya dungure ƙasan rami, sai ka ji kamar ya ɗauru alhali faranti na motsi. In ya yi tsawo, cika da rondel (zoben ƙarfe na bulon). Bulon huɗu, a warwatse, biyu sama biyu ƙasa.

Sai maganar daidaito. Mutane na sa tsakiyar faranti daidai da bilbirke (babbar sandar da ke juyawa a ƙasan inji), suna ganin nan ne tsakiya. Da kilas a kai, nauyin ya fi sama. Matsar da bututun juyawar sama da bilbirke kaɗan. In ba haka ba, ranar da ka zare fil ɗin da ke hana shi juyawa, injin zai kife da kansa, sandar juyin ta doke ka ko duka su faɗi. Shafa giris a bututun, sa fil, sannan ka saki palan a hankali, sarƙar tana nan har ka ga ya zauna. Juyin farko ku yi shi ku biyu. In sipor ɗinka mai taya uku ne, kada ka tura shi da inji a kai.

Wani abu kuma, ƙurar hunturu ta fara. Toshe bakin shan iska da tiyon injekta da leda mai tsabta tun yau.

Kafin ka saki sarƙa, turo hoton bayan farantin da kan bulon ɗin nan guruf in gani. Allah ya ba da sa'a.