Ina son aikin kare ƙasa da daji amma ban karanta fannin gandun daji ba, kuma wani ya ce in kawo kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙasar Gwadabawa ne, na karanta jogirafi a Jami'ar Danfodiyo, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan ina zaune. Gonarmu ta gado rairayi na cin ta, abin na damuna ƙwarai, shi ya sa nake son wanga aiki na kare ƙasa. Amma ana ce min sai wanda ya karanta gandun daji ake ɗauka, kuma wani mutum ya ce in ba shi kuɗi zai sa sunana a ACReSAL. Ni kuma na yi tunanin in sayi dashen itacen turare da yawa in cika gonarmu da shi don in samu abin nunawa idan an kira ni intabiyu. Mi ya kamata in yi? Wallahi na fara karaya.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗana. Kar ka karaya, kuma kar ka ba mutumin nan ko kwabo. Daga nan zan fara don shi ne mai sauƙi. ACReSAL shiri ne na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, dala miliyan 700, jihohin arewa 19 da Abuja, kuma kowace jiha tana da ofishinta na shirin, yawancin ma'aikatan ciki ma daga ma'aikatun gwamnati ake aro su, sauran kuma ana tallata gurbin a fili. Babu fom na sayarwa, babu dillali. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sa sunanka to ɓarawo ne ko da rawani a kansa, iyakar maganar ke nan.

Batun cewa sai wanda ya karanta gandun daji, ba haka ba ne. Eh, idan kana son kujerar jami'in daji a ma'aikatar muhalli za su nemi takardar fannin, ko digiri daga sashen gandun daji na nan Danfodiyo ko difuloma irin ta kwalejin gandun daji ta Jos ko ta Afaka a Kaduna. Amma aikin ya fi wannan kujerar faɗi nesa ba kusa ba. A shekarun da na yi ina wannan aiki na zauna mota ɗaya da masu ilimin ƙasar noma, da injiniyoyin ruwa irin na hukumar kogin Sokoto-Rima, da malaman dabbobi masu sanin makiyaya da burtali, da wata baiwar Allah da ta karanta ilimin zamantakewa wadda ita kaɗai ce cikinmu ke iya shiga cikin gida ta yi magana da matan da ke yin itace, kuma ba don ita ba da rabin abin da muka sani ba mu san shi ba. Kai da ka karanta jogirafi ma kana da abin da ake nema yanzu, taswira. Idan ka iya ɗaukar iyakar fili da GPS na wayarka, ka hau kwamfuta ka fitar da taswira mai tsabta da manhajar zana taswira ta QGIS, wadda kyauta ce ba a sayenta, ka kwatanta hoton tauraron ɗan'adam na bana da na shekara goma baya, to ka wuce mutane da yawa masu riƙe da satifiket ɗin da kake jin tsoro. In ka bar abin tun aji uku, koma ka goge shi. Hukumar Great Green Wall, mai yaƙi da kwararowar hamada, da aka kafa da doka a 2015 tana aiki a jihohi 11 har da Sokoto, ga ƙungiyoyi masu zaman kansu, dukkansu masu aunawa da masu bibiya suke nema. Sai dai ka sani da yawa aikin kwantiragi ne, shiri ya ƙare albashi ya tsaya, kuma gabashin jihar nan, su Isa da Sabon Birni, kai ma ka san halin rashin tsaro da ake ciki, ba ko'ina ake shiga ba yanzu.

To yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zauna na rubuta doguwar amsa, wato turaren nan da kake son cika gonarku da shi. Ɗana don Allah kar ka yi. Wannan tunanin, cewa kare ƙasa shi ne dashen itace kuma yawan dashen shi ne yawan aikin, shi ne ciwon da nake fama da shi kullum, daga ɗalibai har manyan da ke sa hannu a takarda. Ya cinye kuɗi, ya cinye shekaru, kuma ya sa manoma sun daina yarda da mu.

Na halarci bikin dashen itace ban san iyaka ba. A kafa rumfa, a kawo babban baƙo, a ba shi shebur sabo fil, ya sa dashe ɗaya a rami a ɗauki hoto a watsa ruwa, a karanta cewa an dasa dubu kaza. Ka dawo wurin a watan Afrilu lokacin da zafin Sokoto ya haura 40. Abin da za ka tarar shi ne layin ramuka, baƙar leda ta fito rabi daga ƙasa don wanda ya dasa bai ma cire ta ba, da ɗan tsinke busasshe da akuya ta gaigaye kansa. Wa ya tambaya nawa suka rayu? Babu. A rahoto dai an dasa. Ruwan samanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran wata takwas ɗin wa zai yi ban ruwa, wa zai yi shinge, wa zai hana dabba, kuma itacen in ya girma na wa ne? In ba a amsa waɗannan ba tun kafin a haƙa rami, to ba dashe aka yi ba, jana'iza aka yi. Kuma sau da yawa sai ƙarshen Agusta kuɗin ke fitowa saboda fayil ya kwana wata uku a kan teburin wani, a dasa ruwa na shirin ɗaukewa, sannan a ce manoma ba su da kula.

Ni kaina na yi wannan kuskuren ina sabon ɗauka. Muka shata layi muka dasa dogon yaro don kare iska, ban je wajen ardo ba, ban tambayi tsofaffin gari ba, ashe a tsakiyar burtali muka dasa. Kafin kaka shanu sun bi ta kai, kuma da gaskiyarsu, hanyarsu ce tun kakanni. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗin jama'a ne kuma da tambaya ɗaya ta isa.

Shi kuma turare musamman, itace ne mai shan ruwa, gero ba ya jin daɗi a ƙarƙashinsa, ganyensa dabba ba ta ci. Yana da wurinsa idan mutum ya ware fili don azara da katako. Amma a cika gonar abinci da shi a tudun Gwadabawa? Za ka ɓata da 'yan'uwanka masu haƙƙi a gadon, kuma duk wanda ya san aiki a intabiyu zai gane ba ka taɓa zama da manomi ba.

Ka tsallaka iyaka kaɗan ka ga abin da maƙwabtanmu suka yi. A ƙasar Maraɗi, tun farkon shekarun 1980, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da ya gaji da dashen da ke mutuwa ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Barin tsiron nan da gyara shi ya girma maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani ke nan. Da shi manoman Maraɗi da Damagaram suka dawo da itatuwa a fili da ya kai wajen hekta miliyan 5, ba leda ba tankar ruwa. A Burkina Faso kuma marigayi Yacouba Sawadogo, manomi ne ba ɗan boko ba, da taki da ƙananan ramukan tara ruwa da suke kira "zai" ya mayar da fako daji, har duniya ta ba shi lambar yabo a 2018. Ka ga su ma ma'aikatan kare ƙasa ne, kuma ka dubi inda suka fito.

Ga abin da zan so ka yi a bazarar nan kafin a yi sassabe. Ka zauna da mahaifinka ko wanda gonar ke hannunsa ka nemi izini, ko kadada ɗaya ce. Ka zaga da ƙafa ka ƙirga kututturan da ke toho, sabara, kalgo, geza, aduwa, magarya, in Allah ya sa ka samu gawo to ka riƙe shi da hannu biyu, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabba 'ya'ya da rani. A kowane kututture ka zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran da wuƙa mai kaifi, kana yanka daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya tsage, ka ɗaura ƙyalle a jiki don mai yin itace ya san da mai shi. Inda ƙasa ta zama fako ruwa na gudu a kai, ka haƙa rami mai siffar rabin wata bakinsa na kallon inda ruwan ke gangarowa, ka zuba taki. Ka bar karan gero a kwance a gefen da iska ke kawo rairayi maimakon a kwashe ƙaf. Ka sanar da mai unguwa da makiyayan da ke bi ta wurin, da bakinka, ba ta aike ba.

Sannan ka ɗauki lambar GPS ta kowane itace da hotonsa da tsawonsa, ka sake ɗauka bayan damina, ka sake a watan Afrilu, har waɗanda suka mutu ka rubuta su. Ka yi taswirar a shafi ɗaya. Ita za ka riƙa a hannu ranar intabiyu, kuma ita za ka fara kaiwa sashen gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ce kana son bin su fita daji ko ba alawus.