Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan binciken ma'aji

Salama, 'yar'uwa. Kin ce kuɗin zumuntar matanku bai cika ba, ana ta nuna ma'aji da baki, wasu na so a kafa kwamiti, wasu kuma na cewa mai bi ba ya tuhumar ɗan'uwansa, a yafe a bar wa Allah. Kina tambaya wanne ne Littafi Mai Tsarki ya goyi baya. Ni na taɓa zama a sahun masu cewa a bar wa Allah, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina kuma cikin dattawan wata ƙaramar ikilisiyar Hausa. Shekarun baya wani ɗan'uwanmu ya rasu, muka yi karo-karo don a kai gawarsa gida Arewa. Kin san yadda abin yake a Legas, ga kuɗin mutuware, ga akwati, ga mota. Muka danƙa kuɗin a hannun ma'ajin matasa. Ana dawowa daga jana'iza sai magana ta tashi, wai ya ci rabi. Da aka kawo gaban dattawa, ni na fara cewa a rufa masa asiri. Muka yi addu'a muka watse, muna ganin alheri muka yi masa. Ashe hukunci muka yanke masa ba mu ji ta bakinsa ba. Wata biyar yaron nan yana zama a bencin baya, kwanon baiko na zuwa kusa da shi sai ki ga idanu sun juyo. Iyayen yarinyar da yake nema suka ce a dakata. Ran nan ya same ni a rumfa, ya tsuguna gefen buhunan albasa, ya ce, "Baba, don Allah ku bincike ni."

Daren nan na buɗe Maimaitawar Shari'a sura 19. Kowa ya haddace aya 15, cewa ba a kama mutum da bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku. Amma aya 18 da 19 ne suka hana ni barci: wajibi ne alƙalai su bincika sosai, in kuwa aka tarar mai shaida ƙarya ya yi, abin da ya so a yi wa ɗan'uwansa shi za a yi masa. Wato doka ba a kan wanda ake zargi kaɗai ta sa ido ba, har da mai zargin. Yawan shaidu ma bai isa ba. A 1 Sarakuna 21 shaidu biyu cif aka kawo a kan Nabot, har da shelar azumi, aka jajjefe shi saboda gonar inabinsa, alhali Yezebel ce ta kitsa komai.

Mu shaidu uku aka ce muna da su. Muka kira su ɗaya bayan ɗaya, tambaya guda muka yi wa kowa: da idonka ka gani, ko ji ka yi? Duka ukun suka koma bakin mace ɗaya, ita kuma abin da ta gani shi ne sabuwar waya a hannunsa mako biyu bayan jana'iza. Wayar tana nan, ba ƙarya ba ce, amma wansa ne ya ba shi. Sai na tuna rigar Yusufu a hannun matar Fotifar a Farawa 39. Rigar tasa ce, labarin da aka rataya mata ne na ƙarya, ya kuwa sha kurkuku a kai.

Masu cewa bincike rashin bangaskiya ne su duba Farawa 18:21. Allah da ya san komai ya ce zai sauka ya duba ko kukan da ake yi a kan Saduma haka yake. Nikodimu ma, a Yahaya 7:51, abin da ya tambayi 'yan majalisa ke nan, ko shari'arsu tana hukunta mutum tun ba a saurare shi ba.

Muka karɓo takardar banki, muka kira direban da ya kai gawar, muka bi rasit ɗaya ɗaya. Naira dubu 12 ce kawai ba takarda, ya ce abincin masu rakiya ya saya a hanya bai rubuta ba, biyu daga cikinsu suka tabbatar. Sakaci ne, mun faɗa masa. Amma namu ya fi nasa, da muka bar yaro shi kaɗai da kuɗin jama'a. Bulus kansa, a 2 Korantiyawa 8, bai yarda ya kai gudummawa shi kaɗai ba, sai da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Don haka ku bincika, 'yar'uwa. Ku fara yadda Matiyu 18:15 ya ce, a same ta a keɓe kafin a tara mata jama'a. Kada mai zarginta ko ƙawarta ta shiga kwamiti. A ba ta lokaci ta kawo littafinta. In ta ci, to a nan gafara za ta sami abin da za ta yafe, a kuma tsara mata yadda za ta biya. In ba ta ci ba, inda aka ɓata sunanta a nan za a wanke shi, ba a ofishin Rabaran ƙofa a rufe ba.

Mu ranar Lahadi bayan wa'azi na miƙe na karanta sakamakon da bakina, na roƙe shi gafara a gaban kowa. Ya yafe, auren ma an ɗaura. Sai dai har yau bai sake yarda ya riƙe ko sisin ikilisiya ba.