Tambayi Likita: Da gaske da yisti ake yin allurar maleriya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi wa ɗana allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta farko yana da wata biyar. Yanzu maƙwabciyata ta ce wai da yisti ake haɗa ta, kuma akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki. Hankalina ya tashi. In mayar da shi ta biyu ko in bari? Daga wata uwa a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki mayar da shi, don Allah. Maganar yisti gaskiya ce, amma babu ƙwayar cuta mai rai a cikin allurar, ta hanta ko ta maleriya.

Allurar da aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 sunanta R21. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila ne suka ƙirƙiro ta, kamfanin Serum Institute na Indiya ke sarrafa ta. Idan sauro ya ciji mutum, ƙwayar maleriya hanta take fara nufa, jikinta lulluɓe da wani furotin. Masanan sai suka ɗauki umarnin halittar da ke ƙera wani yanki na wannan furotin, suka haɗa shi da umarnin ƙera ɓawon ƙwayar ciwon hanta nau'in B, ɓawon kawai, suka dasa a cikin yisti. Ana kiwon yistin a manyan tankuna, shi kuma ya yi ta fitar da furotin ɗin. Daga nan a tace, a ware yistin, a ɗebi furotin zalla. Abin da ke shiga jikin yaronki fanko ne, ba ya hayayyafa. Kamar a nuna wa mai gadi rigar ɓarawo ne tun kafin ya zo, don ya gane shi a bakin ƙofa. Ana ƙara masa wani sinadari, Matrix-M, da ake samu daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile, don ya zaburar da garkuwar jiki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce. Allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai ranar haihuwa da yisti ake yin ta tun 1986.

An gwada R21 a kan yara kusan 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya. A wuraren da maleriya ke zuwa da damina, irin namu, ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Hukumar NAFDAC ta amince da ita a Afrilun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a Oktoban shekarar.

Abin da ya fi damuna shi ne iyayen da ke tsayawa a allura ɗaya. Sau huɗu ake yi: wata 5, wata 6, wata 7, sannan wata 15. Guda ɗaya ba ta isa ba, kuma kariyar kan ragu idan aka tsallake ta huɗun. Duk wanda ya taɓa tsayuwa a kan yaron da maleriya ta shanye wa jini a watan Satumba ya san dalilin da nake nanata wannan.

Bayan allura yana iya yin ɗan zazzaɓi ko kumburi a wurin, kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Ki ci gaba da kwantar da shi cikin gidan sauro, ki karɓi maganin kariya daga maleriya da ake rabawa gida-gida da damina. Idan jikinsa ya yi zafi a wani lokaci, ki kai shi a gwada jininsa ko da ya kammala duka huɗun.